Takardar Neman Aiki A Fannin Lafiya: Abin Da Masu Ɗaukar Ma'aikata Ke Dubawa

LEGAS — A duk lokacin da wani asibitin koyarwa na Gwamnatin Tarayya ya buga sanarwar neman ma'aikata, ko wani asibiti mai zaman kansa a Legas ko Abuja ya nemi nas ko ungozoma, abu na farko da ke isa teburin mai ɗaukar aiki shi ne takardar da mai nema ya zayyana tarihin karatunsa da na aikinsa, wadda ma'aikatan ofis suka fi sani da suna si-bi. Mai ita ba ya wurin sa'ad da ake karanta ta. Ita ce wakiliyarsa, kuma galibi a kanta ake yanke shawarar a kira shi intabiyu ko a tura fayil ɗinsa gefe, tun ba a ga fuskarsa ba.

Wannan takarda ta ƙara daraja a 'yan shekarun nan saboda halin da fannin lafiya ya shiga. A watan Maris na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun bar Nijeriya cikin shekaru biyar. Wata guda kafin nan, Magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozomanci, Dokta Faruk Abubakar, ya ce nas-nas kimanin 42,000 sun fice cikin shekaru uku. Kowane gurbi da aka bari sai an cike shi, don haka masu asibitoci da manyan shagunan magani suna cikin ɗaukar ma'aikata kusan kullum. Sai dai kasuwar da ke da yawan gurabu tana jawo masu cancanta da marasa cancanta baki ɗaya, kuma aikin rarrabe tsaki da tsakuwa yana farawa ne daga takardar da aka miƙa.

Abin da ya kamata mai neman aiki ya sani tun da farko shi ne, wanda zai karanta takardarsa ba ya karanta ta da zuciyar yarda. Tarihi ne ya koya wa masu ɗaukar aiki tuhuma. A 1999 Kakakin Majalisar Wakilai, Salisu Buhari, ya sauka daga muƙaminsa bayan da aka gano cewa digirin Jami'ar Toronto da ya ce yana da shi babu shi, kuma shekarun da ya rubuta sun ɗara na haihuwarsa. A 2015 aka bankaɗo wani mutum da ya yi kusan shekaru 9 yana karɓar albashin likita a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da takardun wani abokinsa. A 2018 Ministar Kuɗi, Kemi Adeosun, ta yi murabus kan batun takardar yafe mata hidimar ƙasa, wadda ta ce ba ta san cewa ta bogi ba ce. A ƙarshen 2023 kuma wani ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya nuna yadda ya sami digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin makonni shida, abin da ya sa Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo a watan Janairu na 2024. A cikin 2023 ɗin ne ma hukumar kula da nas-nas ta Birtaniya ta sanar cewa tana zargin mutane fiye da 700 da samun sakamako ta hanyar maguɗi a wata cibiyar jarrabawa da ke Ibadan.

Sakamakon wannan duka shi ne, takarda mai kyau a yau ita ce wadda za a iya bin diddigin kowane layi nata har a tabbatar da shi. Kalmomin yabon kai, irin su "mai himma", "mai gaskiya", "mai iya aiki da jama'a", ba su da wurin da za a je a tambaya. Lambar rajista kuwa tana da shi.

Saboda haka a fannin lafiya, abin da ya fi cancanta ya biyo bayan suna da lambar waya shi ne lasisin aiki. Likita zai rubuta lambar rajistarsa da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙora, wato MDCN, wadda aka kafa tun 1963, ya kuma bayyana ko rajistar ta wucin gadi ce ko cikakkiya. Bambancin ba ƙarami ba ne. Rajistar wucin gadi tana ba sabon likita damar yin horon sanin makamar aiki na watanni 12 ne kawai a ƙarƙashin kulawar manya, sai ya kammala shi zai sami cikakkiya. Lasisin aiki kuma kowace shekara ake sabunta shi, don haka mai hankali zai rubuta shekarar lasisin da ke hannunsa. Nas da ungozoma suna ƙarƙashin hukumar NMCN, wadda Dokar Soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, kuma nasu lasisin duk shekara uku ake sabunta shi, bayan an halarci kwasa-kwasan ƙarin ilimi da hukumar ta wajabta. Wadda ke da rajistar jinya da ta ungozomanci duka biyu, ta rubuta kowace da lambarta da shekararta, domin ƙaramin asibiti da ba zai iya biyan mutum biyu ba irinta yake nema ruwa a jallo.

Masu haɗa magunguna suna da hukumarsu, PCN, wadda dokar 2022 ta sake wa fasali. Masana gwajin jini da sauran gwaje-gwaje suna da MLSCN, bisa dokar 2003. Jami'an kiwon lafiyar al'umma, waɗanda su ne ƙashin bayan ƙananan asibitocin karkara, suna da hukumar rajistarsu da aka kafa a 1992. Yawancin waɗanda ke fitowa daga makarantun koyon aikin lafiya na jihohi sukan rubuta sunan makaranta da shekarar gamawa su tsaya nan, su manta cewa takardar makaranta daban, lasisin hukuma daban, kuma na biyun ne doka ta sani.

Wanda ya yi ƙarin karatu na ƙwarewa kada ya binne shi a ƙasan shafi. Nas ɗin da ta yi kwas na jinyar ƙashi a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko na jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko na jinyar ɗakin tiyata, tana riƙe da abin da ya yi ƙaranci a kasuwa. Haka likitan da ya ci jarrabawar share fage ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta kwalejojin Afirka ta Yamma, ya rubuta wace ce, a wane fanni, a wace shekara.

Akwai wata matsala da ta fi damun mutanen Arewa, wadda ta jawo wa da dama asarar aiki ba tare da sun aikata wani laifi ba. Ita ce matsalar suna. Mutum ɗaya zai kasance Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a takardar sakandare, Muhammad a digiri, sannan a katin shaidar ɗan ƙasa ya zama Mamman. Wani a makaranta an rubuta masa sunan garinsu a matsayin sunan mahaifi, daga baya ya koma amfani da sunan kakansa. Mace kuma ta yi karatu da sunan mahaifinta, ta sami lasisi da shi, ta zo neman aiki da sunan mijinta. A cikin gida kowa ya san mutum ɗaya ne. Amma akawun da ke zaune a ofishin ɗaukar ma'aikata a Legas, balle kamfanin tantance takardu na ƙasar waje, sunaye uku yake gani, kuma ba aikinsa ba ne ya yi wa kowa kyakkyawan zato. Maganin abin shi ne a rubuta suna a saman takarda daidai da yadda yake a lasisi da fasfo, harafi da harafi, in kuwa akwai saɓani a sauran takardu, a yi takardar rantsuwa a kotu, a buga sanarwar gyaran suna a jarida, a haɗa kwafinsu tun ba a tambaya ba.

Ranar haihuwa ma haka take, har ta fi suna haɗari. Da yake a aikin gwamnati galibi ana yin ritaya ne bayan cika shekaru 60 da haihuwa ko 35 ana aiki, kuma wasu sanarwoyin neman ma'aikata sukan sa iyakar shekaru, al'adar rage shekaru ta yi jijiya. Amma shekarun karatu da ke cikin takardar su kan tona asiri da kansu. Wanda ya rubuta ranar haihuwar da ke nuna cewa ya gama firamare yana ɗan shekara shida, ya riga ya ba da shaida a kan kansa. Ranar da ke takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidayar Jama'a, da ta katin ɗan ƙasa, da ta takardar jarrabawar sakandare, ya kamata su zama ɗaya.

Sai batun hidimar ƙasa. Tun da aka kafa hukumar NYSC a 1973, duk wanda ya gama jami'a ko babbar difiloma bai wuce shekara 30 ba wajibi ne ya yi hidimar, wanda ya wuce kuma ya karɓi takardar yafewa daga hukumar da kanta. A rubuta wace takarda ce ke hannu, da shekararta, da wurin da aka yi hidimar. Ga sabon likita ko mai haɗa magunguna, shekarar hidima a wani babban asibitin ƙaramar hukuma, inda sau da yawa shi kaɗai ne a kan aiki dare da rana, ƙwarewa ce ta gaske, kuma bai kamata a taƙaita ta a layi ɗaya ba.

Wurin da takardu suka fi yin rauni shi ne bayanin aikin da aka yi a baya. Akasarin masu nema sukan rubuta cewa sun yi aiki a asibiti kaza, "suna kula da marasa lafiya". To, wace nas ce ba ta kula da marasa lafiya? Abin da shugaban asibiti ke son sani shi ne a wane sashe, mai gado nawa, tare da ma'aikata nawa, kuma mene ne mai nema ke iya yi da hannunsa ba tare da an tsaya a kansa ba. Ungozomar da ta rubuta, alal misali, cewa ta yi shekara uku a ɗakin haihuwa mai gado 20, tana karɓar haihuwa ita kaɗai a aikin dare, ta saba da kula da mai jijjiga da mai zubar jini kafin isowar likita, ta kuma horar da ɗalibai, ta ba mai karatu abin da zai auna. Masanin gwaje-gwaje ya ambaci na'urorin da ya yi aiki da su da sunayensu, kamar na'urar GeneXpert ta gwajin tarin fuka. Mai haɗa magunguna da ke neman aiki a babban shagon magani ya nuna ko ya taɓa riƙe sito, ko ya san lissafin kaya da kwamfuta, ko ya taɓa hulɗa da dillalai, domin mai shago ɗan kasuwa ne, kuma maganin da ya lalace a kan kanta asararsa ce. Ana fara jerin da aikin ƙarshe, a gangara zuwa na farko, kowane da wata da shekarar farawa da na barinsa.

Abu ɗaya ne ba ya shiga wannan bayani ko kusa: sunan majinyaci ko wani abin da zai sa a gane shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta riƙe sirrin marasa lafiya, kuma wanda ya fallasa shi don ya burge mai ɗaukar aiki ya nuna irin riƙon da zai yi wa sabon wurin.

In akwai shekarun da ba a yi aiki ba, gara a faɗi dalili a taƙaice. Mata da yawa sukan ajiye aiki na shekara biyu ko uku saboda aure ko goyo, ko canjin gari da miji ya yi, wasu mazan kuma sukan koma kasuwa ko gona kafin su dawo. Babu abin kunya a ciki. Ramin da aka bari babu bayani shi ke sa a yi tunanin kora ko dakatarwa. Abin da za a so a gani shi ne lasisin bai mutu ba a tsawon lokacin, ko kuma an farfaɗo da shi.

Wata baiwa da masu neman aiki daga Arewa ke rainawa ita ce harshe. Ana rubuta takardar da Turanci, amma ya dace a ambaci Hausa, da Fulatanci ko Barbarci ko Larabci in ana ji. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas yana Idi-Araba ne, unguwar da ke cike da Hausawa, haka ma asibitocin da ke kewayen Agege da Mile 12, da na kusa da Sabo a Ibadan, kullum suna karɓar marasa lafiyar da ba sa jin Yarabanci ko Turanci sosai. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Borno da Yobe da Sakkwato da Jigawa kuwa sukan sa jin harshen wuri cikin sharuɗɗansu.

Dangane da tsari, shafi biyu sun ishi yawancin masu nema, sabon gamawa kuma shafi ɗaya ko ɗaya da rabi. Babban likita ko malamin jami'a ne kawai ke da hujjar tsawaitawa, saboda jerin bincike da maƙalun da ya wallafa. A nan ya kamata a yi hattara da shagunan buga takardu da ke bakin sakatariya da ƙofar makarantu. Mai shago yana da tsari guda a kwamfutarsa, sunan wannan yake gogewa ya sa na wancan, shi ya sa ake samun takardu hamsin a tebur ɗaya duk masu su suna sha'awar "karatu da tafiye-tafiye". Wani lokaci har da lambar wayar wanda aka buga wa jiya. Manyan asibitoci da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa kuma yanzu ta intanet suke karɓar takardu, wasu ma manhaja ce ke fara tace su tana neman kalmomin da ke cikin sanarwar. Don haka a yi amfani da sunan muƙamin kamar yadda aka buga shi, a guji zane-zane da ado, kuma kada a ɗauki hoton takarda da waya a tura, domin manhajar ba lalle ta iya karanta hoto ba.

Abin da ake sawa a takarda ya danganta da inda za ta. Aikin Gwamnatin Tarayya yana buƙatar jihar asali da ƙaramar hukuma, saboda ƙa'idar raba daidai da aka kafa wa hukuma a 1996, kuma za a nemi takardar shaidar zama ɗan asalin wuri. Asibiti mai zaman kansa bai cika damuwa da wannan ba. A Birtaniya da Amurka kuwa ba a saba sa hoto ko ranar haihuwa ko addini ko matsayin aure ba, domin dokokinsu sun hana nuna bambanci a kan irin waɗannan. Mai niyyar Saudiyya ya sani cewa kamfanin DataFlow zai tuntuɓi makarantarsa da hukumarsa da wuraren da ya ce ya yi aiki kai tsaye kafin hukumar lafiyar ƙasar ta yi masa rajista, saboda haka wata ɗaya da aka ƙara a tsawon aiki yana iya rusa komai. Ya kuma kamata a san cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashe 55 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya a 2023, abin da ya sa Birtaniya ta hana asibitocinta da dillalansu zuwa farautar ma'aikata a nan, ko da yake mutum na iya neman aiki da kansa. Duk dillalin da ya ce gwamnatin can ce ta aiko shi, a bincike shi da kyau. A watan Fabrairu na 2024 ma hukumar NMCN ta fito da sharaɗin sai nas ta yi shekara biyu tana aiki bayan samun lasisin dindindin kafin a tantance mata takardu zuwa waje, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. Irin waɗannan ƙa'idoji suna canzawa, don haka a nemi na ranar daga hukumar.

Masu shaida, waɗanda ake rubuta sunayensu a ƙarshen takarda, biyu ko uku sun isa. Al'adar sa sunan ɗan majalisa ko basarake ko wani attajirin dangi ba ta da amfani a nan, domin tambayar da za a yi ita ce yadda mai nema ke aiki a ɗakin marasa lafiya, kuma shugabar nas-nas ta sashen da ya bari ita ce ta san amsa. A nemi izininsu tukuna, a tabbatar lambar wayarsu tana shiga.

Ga 'yan kasuwar da suka zuba jari a asibiti ko ɗakin gwaji ko shagon magani, karanta wannan takarda da idon basira kariya ce ga dukiyarsu. A Jihar Legas hukumar HEFAMAA ce ke yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista, a Kano kuma PHIMA, kuma dukansu sun sha rufe wuraren da aka samu da ma'aikatan da ba su da lasisi. Babban shagon magani ba ya samun rajistar PCN sai da mai haɗa magunguna mai lasisi da zai tsaya a kansa. Idan aka sami kuskuren da ya taɓa rai, mai wuri ba zai kuɓuta da cewa takardar da aka nuna masa ta yi kama da ta gaske ba. Abin da ya dace shi ne a ga takardun asali ido da ido a ranar intabiyu, a kwatanta sunaye da ranaku, a rubuta wa hukumar da ta ba da lasisin a nemi tabbaci, sannan a kira wurin aikin da aka bari ta lambar da mai asibiti ya samo da kansa, ba wadda mai nema ya bayar kaɗai ba. Albashin da ya yi arha ƙwarai ga mai manyan takardu shi ma abin tambaya ne.

Shi kuma mai nema yana da nasa abin kiyayewa. Lambar katin ɗan ƙasa da lambar BVN ta banki ba su da gurbi a takardar da za ta bi hannaye da yawa, sai an ɗauke shi aiki ofishin albashi zai nema. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa masu karɓar irin waɗannan takardu alhakin tsare su, amma 'yan damfara da ke buga sanarwar aikin bogi da sunan manyan asibitoci ba doka suke bi ba, kuma alamarsu ita ce neman kuɗin fom ko na "tantancewa" a asusun wani mutum. Takardun asali kuwa ana nuna su ne a koma da su gida. Kwafi ake bari, domin akwai wuraren aikin da ke riƙe satifiket ɗin ma'aikaci don kada ya tafi, kuma sake samun wani daga makaranta ko hukuma yana iya cin watanni.